Hantar Sa Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Manaja ya tara mu a bakin ɗakin sanyi. Wai baƙi za su zo daga ƙasar waje su duba mayankarmu. In ta yi musu, za su fara sayen namanmu. In ba ta yi ba, masu kamfani za su rufe, mu sittin da uku kowa ya kama gabansa. Ga shanu da yawa a ƙasar nan, amma naman wasu ake shigowa da shi a kwali yana kashe mana kasuwa. Abin kunya.

Sabuwar doka: kowane sa da lambarsa, kuma kai da huhu da hanta da ƙoda su zauna a tire kusa da shi har likitar dabbobi ta duba.

Alhamis, 6 ga Maris

Likitar nan 'yar ƙanina ce. A kafaɗata ta fara ganin mayanka. Yau ta tsare ni gaban jama'a: "Baba, a mayar da hantar nan tire."

Shekara talatin da ɗaya hantar san da aka fara yankawa kullum tawa ce, haƙƙin mai yanka, haka na gada. Nakan naɗe ta na kai wa maiɗakina, ita da jininta bai cika isa ba. Na ce mata tun ba a haife ta ba nake gane hanta mai ciwo da ido. Ta ce, "Na sani, Baba. Baƙin ne ba su san idonka ba."

Na mayar. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Asabar, 8 ga Maris

Farar riga, farar hula, farin takalmin roba. Dogo mai fiɗa ya ce mun koma kamar masu ɗaukar gawa. Ban yi dariya ba.

Laraba, 12 ga Maris

Sun zo, kwana ɗaya kafin ranar da aka faɗa mana. Su uku, da takardu. Ni kuwa da safe, ganin likita tana waya, na zare hantar san farko na sa a jakata. Wallahi hannuna ne ya yi, ban ma yi tunani ba. Ashe ba daga lamba ɗaya aka fara yanka ba, daga goma sha huɗu ne.

Macen cikinsu ta bi layi tana ƙirga tire da biro. Ta tsaya a goma sha huɗu. Ta tambayi hanta. Likita ta dube ni sau ɗaya, sannan ta ce kuskurenta ne, ita ce ba ta lura ba.

Jakar tana rataye a bayana, taku biyar. Ban buɗe baki ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Ban kai hantar gida ba. Na jefar a hanya.

Litinin, 17 ga Maris

Mun faɗi. Abin da suka rubuta: in hanta ɗaya za ta ɓace ba a sani ba, to ba su yarda da sauran ba. Sun ba mu wata biyu, zuwa ɗaya ya rage. Manaja na maganar sauya likita.

Ta gaishe ni da safe yadda ta saba, har da rusunawa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, 18 ga Maris

Na faɗa wa maiɗakina. Ta ajiye ludayi. "Malam, yarinyar nan za ka bari a kora saboda ni? Ni na taɓa ce maka sai da hanta zan rayu?" Na ce ba ta gane ba, magana ce ta mutunci. Ta ce ai shi take nufi.

Laraba, 19 ga Maris

Na shiga ofishin Manaja na faɗa masa. Ya daɗe yana murza goshi. An ɗauke ni daga kan tire, yanka kawai zan riƙa yi. Likita ta tsira da aikinta.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Yau likita ta kira ni, wai in zo in ga abu. Hantar san farko, ja, sumul. Ta ce, "Baba, ya ka gan ta?" Na ce lafiyayya ce, ko jariri sai ya ci. Ta tsaga ta tsakiya, ta matsa. Tsutsotsi masu faɗi kamar ƙananan ganye suka fito suna motsi.

Nawa irinta na kai gida? Ba na son wannan tunanin.

Litinin, 14 ga Afrilu

Saura wata guda baƙin su dawo. Ko za mu ci, Allah masani. Har yanzu farar hular nan ba ta yi mini ba.

Dogo ya miƙa hannu zai zari ƙoda daga tire mai lamba shida. Sai ji na yi na riƙe masa hannu, na ce, "Bari sai likita ta gani." Ya yi ta kallona. Na ce masa ba wani abu ba ne, hannunsa ne bai wanke ba.