Itacen da Ka Sare da Hannunka

Hindawiyya, Jidda
9 ga Fabrairu

Baban Rahama,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa Azare lafiya, ka kuma tarar da Inna da sauƙi. Ya gwiwar taka? Ni kalau nake, aikin asibiti da godiya.

Na samu saƙonka, wai in je in roƙi Thamer ya mayar da kai aikin lambu. Ba za ni ba.

Shekara goma sha ɗaya kana renon itacen nan, tun ranar da ubansa, marigayi Badr, ya kawo shi daga Amurka a cikin tukunya. Kai ka haƙa masa kwari saboda ɗan fadama ne. Kai kake sheƙa masa ruwan daɗi safe da yamma don kada gishirin ƙasar Jidda ya ƙone shi, har ya zarce bene. Ka fi kowa sanin halinsa: sanyi na shigowa, siraran ganyensa masu kama da allura su yi ja, su zube, ya tsaya tsirara, a watan Maris ya sake tohowa. Ni na karanta maka haka a littafin tsohon, shekarar farko da ka dawo gida hankali tashe.

Thamer bai taɓa yin sanyi a gidan ba, yana Landan. Ya zo cin gado, ya ga itace ba ganye, ya ce ka kashe masa abin tunawa da ubansa. Farce kawai za ka sa ka kankare ɓawon, ka nuna masa kore. Ka sunkuyar da kai kana "hadir, hadir", wato "an gama, ranka ya daɗe", ga mutumin da ka koya wa hawan keke. Wai ba a musu da kafili, uban gidan da ya ɗauki nauyin bizarka, a gaban baƙinsa. Ya miƙa maka zarto ka yanke, ka share wurin tas, har ka jera masa guntayen. Da ka gama ya soke iƙamarka, takardar izinin zamanka a ƙasar.

Na yi jinyar masu mutuwa da yawa, ban taɓa ganin wanda ya gyara wa kansa likkafani da ladabi irin naka ba.

Ka gaida Inna.

Matarka,
Zubaidatu

Hindawiyya, Jidda
6 ga Afrilu

Baban Rahama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Rahama ta ce ka rame. Ka riƙa cin abinci.

Kututturen ya toho. Muath, direban gidan Thamer, ya zo har asibiti ya nuna mini hoto: sabon toho guda bakwai, kore shar. Thamer ya kira wani injiniyan gona, mutumin ya duba ya yi dariya, ya ce itacen barci yake yi aka yanka shi, kuma wanda ya rayar da irinsa a Jidda shi kaɗai zai iya tayar da shi. Saƙon Thamer shi ne a nemo Muntaka, wato kai, za a yi masa sabuwar biza, halas, abin da ya wuce ya wuce. Na saurara har ƙarshe ko kalmar haƙuri za ta fito. Ba ta fito ba.

Na san ka. Za ka ce alhamdulillahi, ka ɗauki jaka, ka zo ka durƙusa wa kututture.

Shi ya sa na ce wa Muath ka rasu. Zazzaɓi, mako biyu da sauka. Muath ya yi kuka, shi kaɗai na tausaya wa. Thamer ya aiko da buhun shinkafa na ta'aziyya. Na raba wa maƙwabta, sun yi maka addu'a mai kyau.

Lambar Thamer tana cikin wayarka, ban hana ka kira ba. Amma ranar da za ka sauka Jidda da bizarsa, ka taho da takardar sakina a aljihu.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Mai yi maka takaba,
Zubaidatu