Kaskon Sadakar Malam

Asabar, 3 ga Rajab 1382, Gubuchi

An ɗaura doki a injin matse rake yau. Wannan ce kaka ta farko da za a dafa mazarƙwaila babu mijina Malam, Allah Ya jiƙansa. Amanar ta dawo wuyana, ni da ban taɓa taka wurin injin ba. Daga tsakar gida nake jin kukansa.

Kamar yadda Malam ya saba, na yi umarni a fitar da kaskon farko sadaka, a raba wa malamai da maƙwabta kafin a sayar da komai.

Lahadi, 4 ga Rajab

Kaskon sadaka bai daskare ba.

Litinin, 5 ga Rajab

Datti, ƙanen Malam, wanda ke kula da dahuwa tun muna da ƙuruciya, ya tsaya a bakin zaure ya gaya mini dalili. Autana Tukur ne ya zuba ruwan kuɓewa a cikin ruwan raken, wai ya gani a garin Kudan cewa yauƙin yana kwashe datti, mazarƙwaila ta fito ja mai haske. Ya cika hannu, ya kuma sauke kaskon kafin lokaci. A kaskon mahaifinsa! Da ƙoƙo aka raba wa malamai, kamar kunu.

Datti bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. Ya ce, "Yaya, ni miya ban iya ba. In miya za a koma yi, a sallame ni."

Na kira Tukur. Ya durƙusa, amma idonsa bai durƙusa ba. Ya ce, "Inna, na yi kuskure a awo, ban yi kuskure a dabara ba." Na ce kada ya sake taɓa kasko. Ya ce to. Sannan ya ce, a hankali, ana ɗaukar ma'aikata a masaƙar Kaduna.

Alhamis, 8 ga Rajab

Tsoro ya hana ni cin abinci. 'Ya'yan mutane nawa suka tafi Kaduna daga ƙasar Makarfi, suka dawo da taba a baki da sallar Asuba a hantsi? Shi kaɗai ya rage mini namiji. In ya tafi, da hannuna na tura shi.

Amma akwai tsoron da ya fi wannan. In mazarƙwaila ta yi haske fiye da halittarta, ashe ba algus ba ne? Mai saye zai ɗauka raken ne ya fi kyau. Na duba abin da na karanta a gaban mahaifina: algus ɓoye aibi ne, wannan kuwa cire datti ne. Sai dai ban amince da fatawar kaina ba, domin uwa ce ke bayar da ita, kuma uwar tana son ɗanta ya zauna.

Juma'a, 9 ga Rajab

Tukur ya wanke rigunansa duka ya shanya. Ban tambaye shi ba.

Litinin, 12 ga Rajab

Lantana, yayar Malam, ta zo daga Likoro. Ta ji labarin kunun sadaka, ta yi dariya har da hawaye, abin da ya ɓata mini rai. Ta ce, "Ummulhairi, ke da Datti ai kamar tare aka haife ku. Ko gishiri aka sauya wa mazubi sai kun yi istihara. Kin manta ranar da mijinki ya kawo injin nan? Baba cewa ya yi ya mayar da doki jaki, kuma kaskon mijinki na farko ƙonewa ya yi ƙurmus. Wa ya tsaya masa a kan wuta har abin ya daidaita? Wannan Dattin."

Ban manta ba. Na dai fi son tuna Malam a matsayin wanda bai taɓa kuskure ba. Ina jin wannan ma wani nau'in ƙarya ne.

Talata, 13 ga Rajab

Na tara Datti da Tukur. Na ce dahuwar kasuwa tana hannun Datti, ba mai sa masa baki. Kaskon ƙarshe na ranar Alhamis kuwa na Tukur ne, ya gwada abin da ya ga dama, in ya lalace asarata ce, ba kuma zan yi faɗa ba. Sharaɗi guda: duk wanda zai saya a gaya masa abin da aka zuba.

Datti ya ce, "Wa zai duba masa wuta? Yaron nan magana yake yi kasko yana tafasa."

Tukur ya ce, "Kai mana, Baffa. Kai ai ba ka magana."

Babu wanda ya amsa da to. Haka suka fita.

Alhamis, 15 ga Rajab

Kaskon Tukur ya ƙone. Na cika alkawari, ban ce komai ba, amma na ciji leɓena har ya fashe. Rigunansa suna nan a ninke cikin jaka.

Alhamis, 22 ga Rajab

Bai ƙone ba, bai kuma yi haske ba. An ce Datti ya tafi gida, ya bar Tukur shi kaɗai. Ya Allah, in na yi kuskure kada Ka kama yaron da laifina.

Juma'a, 7 ga Sha'aban

Jiya Datti ya tsaya a kan wutar. Ya ce ba don yaron ba ne, don kada a ɓarnatar da itace. Mazarƙwailar ta daskare, ja kamar zuma. Na gutsura kaɗan domin in tabbatar babu aibi. Na sake gutsura, wannan kuwa ba ni da hujjarsa.

Jakar tana rataye har yanzu, tsoron ma bai tafi ba. Amma da safe na ga Tukur ya ciro riga ɗaya ya sa, ya nufi injin.

Na aika masa da citta a ƙulle a ganye. Ban ce a zuba ba. Na dai aika.