Wa Ya Haƙa Rijiyar Unguwarmu

Litinin, 7 ga Oktoba
Surukata Surayya ta sauka lafiya, namiji. Jikana na fari! Ɗana Zubair ya ce sunan mahaifina za a sa masa, Hammadu. Na kasa zama wuri ɗaya.

Talata, 8 ga Oktoba
Na buɗe shafi a kundin sanin nan na intanet da kowa ke rubutu a ciki. Ni da na koyi riƙe biro da furfurata a ajin yamma. Na rubuta cewa jarumin maza, marigayi Hammadu, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ya haƙa rijiyar unguwarmu a Madadi shekarar fari. Yaron nan ya girma ya karanta.

Laraba, 9 ga Oktoba
An goge "jarumi". An goge "shi kaɗai". Har addu'ar. Wai ba a yabo, ba a ɗaukar ɓangare, kuma ɗa ba ya rubuta tarihin ubansa. To wa zai rubuta, maƙiyinsa? Aka ƙara wai mutanen garin Gammo na cewa tare da Sagiru, maginin rijiyarsu, aka haƙa. Na mayar da nawa.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Su cire, in mayar. Yanzu an hana ni rubutu, wai ina yaƙin gyara.

Asabar, 12 ga Oktoba
Ashe Malam Choji ne ke cirewa. Mutumin da ya koya min baƙi da wasali! Na tare shi a kasuwar Gwarzo, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Ya ce, "Baba, jikan Sagiru ma zai karanta shafin nan." Ya ce in kai ƙorafina shafin tattaunawa. Na juya na bar shi tsaye.

Litinin, 14 ga Oktoba
Suna ya yi kyau, gida ya cika. Yayata Inno na riƙe da jaririn ta hau labarin rijiyar, wai ita ke kai musu fura, Sagiru na ƙasan rami, Baba na jan ƙasa. A gaban baƙi. Tsufa ne ke damunta.

Alhamis, 17 ga Oktoba
An buɗe ni. Ban taɓa shafin ba, ƙaiƙayin girbi ya hana idona ganin waya sosai. Sunan Baba dai na nan, tsirara ba ado. Addu'ar da suka goge na yi ta da baki a kunnen yaron. Na haɗa da Sagirun, tunda na riga na ɗaga hannu.