Tokar Bakin Ƙofa

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki ya yalwata, ya cika da haske. Mu nan Dukawuya muna lafiya, irin lafiyar da ake amsawa da ita a bakin zaure idan ba a son a shiga sauran bayani.

Dalilin rubuto wannan wasiƙa shi ne maganar ɗakin hatsinki, da Iya Hanne, da wata gafiya. Na san ba za ki karanta ba, na kuma san waɗanda za su karanta ba su san gidanmu ba. Amma ke kaɗai za ki gane girman abin da na yi, don haka ke zan gaya wa, su kuma su leƙa.

Har yanzu gonarki ta ƙauye tana aiko da amfani duk kaka, dawa da gero da gyaɗa da ɗan wake. Ana jera buhunan a ɗakin nan na ƙarshen tsakar gida kamar yadda kika saba. Kajinki suna nan, sun ragu amma ba su ƙare ba. Iya Hanne ma tana nan, ko in ce tana nan har kwanan baya. Kin sha ba mu labarin yadda ta zo daga ƙauyenku don ta taya ki wankan jego lokacin da kika haifi Yaya Kabiru, aka yi arba'in, ba wanda ya ce ta tafi, ita ma ba ta ce za ta tafi ba. Shekara talatin da wani abu makullin ɗakin hatsi yana ɗaure a haɓar zaninta.

Kin tuna kaskon nan da kike ajiyewa a bayan ɗakin, jikin katanga, kusa da ramin gafiya? Duk la'asar sai kin zuba ɗan dusa da sharar hatsi a ciki. Da na dawo hutu daga jami'a na yi miki lacca a kan cututtukan da ɓeraye ke ɗauka, kika saurare ni har na gama, sannan kika ce, "To 'Yar Boko, ita wannan ta riga mu zuwa unguwar. In ta ƙoshi a waje ba ta shigo ciki." Na ɗauka kin rasa amsa ne kika mai da abin wasa.

Shekara guda bayan rasuwarki Yaya Kabiru ya ce za a yi wa tsakar gidan daɓen siminti. Na goyi bayansa, har ni na zaɓi inda ruwa zai riƙa bi. Magini ya zo kan ramin, ya cusa duwatsu, ya shafe. Iya Hanne tana zaune a kan turmi tana kallo, ta ce, "Da kun bar mata ƙofarta." Yaya ya yi dariya. Ni ma na yi, Umma, tawa ma ta fi tasa tsawo. Kaskon kuwa aka jefar da shi tare da ɓaraguzai. Daga ranar ba ta ƙara ambaton gafiya ba.

Da damina ta yi nisa abubuwa suka fara ɓacewa. Ƙwai aka fara rasawa a akurki. Sai buhun gyaɗa ya fara zama ƙasa-ƙasa ba tare da an yi ƙuli ko miyar taushe ba. Sai guntun sabulu. Sai ƙaramin cokalin shayi. Duk waɗannan abubuwa ne da mutum zai iya cewa shi ya manta inda ya ajiye, kuma haka na riƙa cewa.

Ranar da abin ya canza, na shiga ɗakin in ɗebo wake. Zobenki na azurfa, wanda ya faɗo a rabona, yana ɗan yi min yawa, sai na cire na ɗora a kan dutsen niƙan nan da ke bayan ƙofa don kada ya zame cikin buhu. Aka yi sallama, na fita, na manta da shi sai washegari. Da na koma babu zobe. Na tambayi Iya Hanne, ta ce ba ta gani ba. Ta faɗa ne tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba. Na riƙe wannan rashin ɗago kan a raina kamar shaida.

Ki ji yadda zargi yake aiki, domin yanzu na san shi ciki da waje. Ba ya ƙirƙiro komai. Abin da ka saba gani shekara da shekaru yake ɗauko maka, ya sake masa suna. Iya Hanne ta daɗe tana aika ɗan ƙulli ƙauye idan an sami mai zuwa, kin sani, ke kike ƙara mata barkono a ciki. Yanzu sai na fara auna girman ƙullin da ido. Ta daɗe tana rufe kwallarta ta ɗaure da tsumma. Yanzu sai na fara tambayar kaina me ake ɓoyewa a kwalla. In ta yi shiru, rashin gaskiya ne. In ta yi hira, wayo ne. Na yi shekara huɗu ana koya min kada in yanke hukunci sai da hujja, kuma duk ilimin nan ya tsaya min wajen tara hujja a kan tsohuwar da ta goya ni.

Na je kasuwar Ƙofar Wambai na sayo sabon kwaɗo mai makulli biyu. Na ce mata tsohon ya yi tsatsa. Bai yi ba, ita take sa masa man gyaɗa. Ta kalli kwaɗon, ta kalle ni, ta kwance tsohon makullin daga haɓar zaninta. Ƙullin ya daɗe, sai da ta sa haƙori. Ta ɗora shi a kan faifai ta turo min, ta ce, "Allah Ya sa a dace." Ba ta tambayi nata a cikin sababbin ba, ni kuma ban miƙa ba.

Gyaɗa ta ci gaba da raguwa. Mai hankali zai tsaya nan ya sake tunani. Ni sai na ce ai ina barin makullan a kan madubi idan na shiga wanka.

Da na kai wa Yaya Kabiru maganar, ban ce ta ɗauka ba. Na fi haka iya magana. Cewa na yi abubuwa suna ɓata, kuma mu biyu ne a cikin gida da rana. Ya ce shi ba ya son tashin hankali, kuma ba za a tozarta tsohuwa ba. In motar hatsi ta zo da kaka, sai Iya Hanne ta bi ta ta koma ƙauye, a ce ta je hutawa cikin danginta. Kin san abin da ya rage mata a ƙauyen, Umma. Ɗakin da ya rushe da 'ya'yan ƙanne da ba su san ta ba sai a biki. Saura mako uku motar ta zo.

Duk da haka ina son in kama ta da idona, don in kwanta da raina fes. Sai na tuna da tokarki. Duk lokacin da wani abu ya dami kaji ko hatsi, kin kan barbaɗa toka da magariba, da safe ki tsuguna ki karanta sawu, ki ce wannan muzuru ne, wannan jaba ce, wannan tunku ne ya biyo ta magudana. Na ɗebo toka a murhu, na barbaɗa a bakin ƙofar ɗakin hatsi, daga waje, daidai inda mai buɗe kwaɗo zai tsaya.

Ban san Iya Hanne tana bayana ba, da butarta a hannu za ta yi alwala. Ta daɗe tana kallon tokar. Na manta cewa duk tokar da kika taɓa barbaɗawa ita ta tankaɗe miki. Ta ce, "Rabi, ba ki tankaɗe ba, da gawayi a ciki, ba za ta nuna ba." Ta ajiye butar, ta ɗauko rariya, ta tankaɗe wata ta cika ƙwarya, ta miƙo min. Sannan ta ce, "Hajiya ciki take zubawa, gindin buhu. Ta bakin ƙofa mutum ake nema da ita." Ta ɗauki butarta ta wuce.

Na tsaya da ƙwarya a hannu har aka tayar da salla. Zan so in ce miki kunya ce ta kama ni, amma na yi alkawarin gaskiya. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, wato so take ta kawar da ni daga bakin ƙofar. Don haka na zuba a wuri biyun, ciki da waje.

Da safe ta waje tana nan lumui, ko kaza ba ta taka ba. Na buɗe ɗakin. Ta ciki kuwa kamar an yi kasuwa. Sawu manya, masu yatsu kamar hannun jariri, da dogon layi a tsakiya inda wutsiya ta ja. Sun fito daga bayan buhun dawa na can ƙurya, sun je gyaɗa, sun koma, sun sake zuwa. Na ja buhun. Ga rami, ƙasa sabuwa a bakinsa. Mun toshe mata ƙofar waje, ta buɗe wata a cikin ɗaki, inda ba mai damunta, musamman da na ƙara mata tsaro da sabon kwaɗo.

Yaya ya kira maginin da ya yi daɓen. Maginin ya ce kada a sa guba saboda kaji, gara a haƙa. Ya fasa simintin da muka yi alfahari da shi, ya bi ramin har ƙarƙashin katanga. Mai gidan ta tsere ta kangon maƙwabta, farin ƙarshen wutsiyarta kawai muka gani. Amma ta bar mana kayanta. Gyaɗa ta kusa cika kwano biyu, da ɓawon ƙwai, da sabulu duk shatin haƙori, da cokalin shayi, da marfin kwalba, da ƙwayar carbi uku. Magini ya tona da yatsa ya ɗago wani abu, ya goge a rigarsa, ya ce, "Malama, wannan naki ne?"

Iya Hanne ba ta zo kallo ba. Tana ɗakinta tana ninke kaya. Ashe ta san maganar motar, ban san wa ya gaya mata ba, wataƙila fuskokinmu.

Na shiga na durƙusa. Duk kalmomin da nake taƙama da su suka gudu, na ce ta yafe min kawai. Ta ce, "Me kika yi min? Kayan uwarki kika tsare." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na ɗora makullan a kan faifai, duka biyun, na tura mata. Ta bar su a nan har la'asar. Da na sake leƙawa faifan babu komai, haɓar zaninta kuma ta yi nauyi.

Yaya Kabiru ya zo da kansa ya ce maganar tafiya ta mutu. Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. Motar ta zo, aka sauke hatsi, Iya Hanne ta tsaya a kai aka jera, ta rufe ɗakin da hannunta. Sannan ta ɗauko ɗan ƙullin kayanta ta ce za ta bi motar ta gaida 'yan uwa, tunda an riga an sa rai. Kwana bakwai za ta yi. Ba wanda ya iya hana ta.

Yau kwana goma sha tara.

Ta tafi da makullan, Umma. Amfanin gonarki na bana yana bayan ƙofa a rufe, mu kuma muna awo a kasuwa kamar baƙi. Sau biyu Yaya yana zuwa da guduma zai fasa kwaɗon, sau biyu ina tsayawa a gabansa. Ya ce na haukace. Ya ce gafiyar za ta iya dawowa ta cinye rabin gyaɗar kafin a buɗe. Gaskiyarsa ne, jiya da hantsi na kara kunne a ƙofar na ji kamar motsi. Na sayo sabon kasko na ajiye a bayan ɗakin, ina zuba dusa duk la'asar. Ban ce na yarda da hikimar ba. Da safe dai nakan tarar da shi wayam.

Halin bai bar ni ba, har yanzu zarginta nake yi. Wani lokaci in ce da gangan ta tafi da su don mu ɗanɗana tsayuwa a bakin ƙofar da aka rufe mana. Wani lokaci in ce mantawa ta yi, hannunta ne ya saba da ƙullin. Amma na duba ɗakinta, abin da na ƙware a kai yanzu. Ta bar kwallarta, ta bar bargonta, ta bar rariyar a rataye. Matar da ta riƙe amana shekara talatin ba za ta tafi da makullin mutane ta zauna ba. Zargin da na fi riƙewa ke nan, cewa za ta dawo, kuma tana so ta tarar da kwaɗon yadda ta bar shi. In ta zo ta ga an fasa, na san motar da ta kawo ta ita za ta mayar da ita.

Zoben yana hannuna, na naɗa masa zare don ya zauna. Nakan juya shi in tuna yadda kike tsugunawa a gaban toka da safe, ba ki cewa komai sai kin gama dubawa. Na yi kewarki, Ummana. Da kina nan da kallo ɗaya kin hana ni zuwa Ƙofar Wambai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya yafe min abin da na ɗora wa baiwarSa ba da hakki ba, Ya sanyaya zuciyarta, Ya dawo mana da ita lafiya. In kuma hatsin bana ne kuɗin wannan darasi, Allah Ya sa gafiyar ta ci da lafiya.

'Yarki mai jiran a buɗe mata,
Rabi, wadda kike kira 'Yar Boko