Sunan da Ya Ƙi Fitowa a Shafin Makaranta

Laraba, bayan sallar isha'i

Yau ma sunan Dorcas bai fito a shafin makarantarmu na intanet ba, alhali tun Litinin muka gyara jerin ɗaliban da aka ɗauka. Mahaifinta ya sake zuwa daga garin Obi, ya miƙo mini wayarsa. "Baba, duba da kanka, yarinyata ba ta ciki."

Na tara ma'aikatan kwamfuta uku, tunda duk sun ce matsalar daga wata manhaja wai ita CDN take. Mai tsara shafin ya ce rumbu ne mai ajiye kwafi, kuma tsohon kwafin ake gani. Mai kula da layin intanet ya ce hanya ce ta kusanto da shafi ga mai nema. Hajiya mai tsaron shafin ta ce katanga ce, kada a taɓa. Ashe kowannensu ya ɗauka goge tsohon kwafin aikin ɗan'uwansa ne. Har muka tashi ba wanda ya yarda ya goge shi. Ni kuwa na sa hannu aka kawo abin ban san mene ne ba.

Juma'a ake rufe rajista. Gobe zan rubuta wa Dorcas takardar ɗaukarta da hannuna, in buga hatimi, in aika Obi. Amma iyaye nawa ne suka duba waya, suka haƙura, ba su zo ba?