Ƙarfe a Ƙirjin Mai Tsire

Zuwa ga ɗiyata Surayya, mai karatun jinya a Yamai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan boko bai cinye ki ba. Kafin uwarki ta ƙara wa labari gishiri, ji daga bakina: na faɗi. Ranar kasuwa na koma bakin tukuba ina fifita wuta, ina cika baki cewa lokotoron asibitin Yamai ya sa mini ƙarfe a ƙirji. Sai ƙirjin ya murɗa, na kife cikin tasar yaji. Ɗangoggo taubashina ya kwaso ni a amalanken jakinsa, ina atishawa yana tambayar wa zai gaji wuƙaƙena.

Yanzu uwarki ta shimfiɗe ni a ɗaki kamar ƙwai. Ba a buɗe mini jijiyar zuciya don in zama tabarma ba. Tukubar nan ta ubana ce, ba ni barin ta.

Ubanki, Abarci

Baba,

Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ban yi dariya ba.

Ƙarfen ya buɗe hanya ne kawai, jijiyar ita ke yi wa kanta sabon yaɓe daga ciki. In jini na gudu sosai, yaɓen ya kwanta sumul. In yana jan ƙafa yana dawurwura, nama ya taru ya sake toshe wurin. Hayaƙi kuwa tsatsa yake sa wa bangon jijiya, sabon rauni bai iya jure shi. Inna ta yi kuskure da kwanciyar, kai ma ka yi da wutar. Ka koma asibiti a duba ka, ka sha maganinka, ka riƙa tafiya, ka bar tukuba. Ko ka zo Yamai ka zauna wurin Kawu.

Ɗiyarka, Surayya

Malama Surayya,

Gaisuwa irin ta mai tsatsa. Aji uku na yi a lakkol, amma na gane: ƙafa e, hayaƙi a'a. Na je an duba ni, an ce hanya ta fara matsewa, ba ta rufe ba.

Yamai kuwa ba ni zuwa. In zauna gidan suruki ana auna mini tuwo? Na bar wa ƙanena Kalla wutar, ni na ɗauki faranti ina yawon talla, daga tasha har hanyar Korahane. Mahauta suka taru suka ce na zubar da girma, mai tukuba ba ya talla. Na ce girman ya zo ya tura mini jini. Uwarki ta ɓoye takalmana, na fita da nata.

Abarci

Baba,

Barka da yawo. Ka mayar wa Inna takalmanta. Kuma an ce mini da yamma kana raɓawa bakin wuta.

Surayya

Ɗiyata,

Gaisuwa. Ɗangoggo ne munafukin, na sani. Nesa nake tsayawa, bayan iska, ina zagin Kalla yana ƙona mini nama. Tun ina saurayi nake ɗura wa jijiyar nan hayaƙi, yanzu ta ce da ƙafa zan biya ta, kuma ba ta faɗi ranar gamawa ba. Ga faranti can yana hucewa. Na fita.

Ubanki, Abarci mai talla