Wutar Ganin Wata a Kan Teku

Cikin jirgin ruwa, ashirin ga azumi, 1947

Zuwa ga uwargidana Hanatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da yara. Yaya damina? Gero ya yi kai? In Malam Attaher ne ke karanta miki wannan, Malam a yi haƙuri da rubutun soja.

Albishirinki! An sallame mu daga soja, kuma aiki ya same ni tun ban taka ƙasa ba. Jirgi biyu suka kwaso mu daga Faransa, namu a gaba, ɗayan na biye da mu can nesa. Wani matalo, wato ma'aikacin jirgi, ya kwanta ciwo, sai laftanan jirgin ya lura ina hango abu kafin mai madubi ya hango. Idon da kike cewa bai ganin tulu in ruwa ya ƙare, shi ne yau Nasara ke yabo.

Sun rataya mini lakile, wato mabuɗin wani akwatin ƙarfe. A ciki akwai fize, wasu sanduna kamar guntuwar taɓarya, in ka kunna sai su tashi sama su fashe da haske. Ja na nufin muna nutsewa, ku zo. Fari na nufin ga mu nan, ku gan mu. An koya mini jan igiyar ƙahon jirgi, mai ruri ya fi bijimi goma, da bugun ƙararrawar gobara. Akwai kuma mai waya a wani ɗan ɗaki, da yatsa ɗaya yake kiran taimako daga nisan da ya fi Dakoro zuwa Maraɗi. Wallahi tsayawa nake ina kallonsa baki buɗe.

Kapitan ya ce in muka kai Kwatano ba laifi a kaina, zai ba ni takardar zama matalo, da hutun zuwa gida duk shekara. Ki sa Inna ta yi ta addu'a, don na ƙwallafa rai.

Naki, Jimrau

Kason jirgi, ran Sallah

Zuwa ga Hanatu,

Barka da Sallah, ina gaishe ki da kowa da kowa. Kada ki tsorata da inda nake rubutu, lafiyata lau, har nama an miƙo mini ta taga.

Jiya da magariba ni na fara ganin wata! Siriri ne ƙwarai, ya leƙo ta tsakanin gajimare. Na nuna wa sarsan Mamani, dattijonmu mai igiya uku, shi da mutum huɗu suka shaida, nan take gajimare ya rufe. Jirgi ya ɗauki kabbara. Ni kuwa sai hankalina ya koma kan jirgin baya, inda abokina Mainassara na Adjekoria yake da mutanenmu wajen ɗari uku, hadari ya lulluɓe su. Kin san yadda muke: wanda ya ga wata bai kwana da labari, sai ya harba bindiga ƙauyen gaba su ji, su ma su harba wa na gabansu. Mu sha ruwa gobe, ƴan'uwa na azumi ran idi? Zuciyata ta ƙi.

Na buɗe akwatin fize. Ban taɓa jar ba, ni ba mahaukaci ba ne. Fara na ɗauka, na harba uku ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi a gida. Hanatu, da kin ga kyansu! Teku duk ta yi fari, sojoji na tafi, ni ina ta washe baki. Ashe fari guda shi ne ga mu nan. In aka jera su, kowane launi ne, kukan mutuwa ne. Laftana ya rantse ya taɓa faɗa mini haka, wataƙila ranar ina kallon mai waya.

Kafin mai wayarmu ya bar cin abinci ya kai ɗakinsa, jirgin baya ya taso da gudu, ƙaho na ruri, ya sauke ƙananan jirage biyu cikin igiyar ruwa. Kapitan ya yi ja kamar gauta, ya tsinke lakilen daga wuyana. Amma labarin wata ya isa, yau da safe daga tagar nan na hango su sun yi sahu. Ina sa ran fushin zai huce kafin Kwatano.

Naki, Jimrau

Kwatano, goma sha biyu ga watan Sallah

Zuwa ga Hanatu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Allah ya sa wannan ta same ku lafiya.

Da muka sauka, su Mainassara suka ɗaga ni sama suna kirana Sarkin Wata, har hulata ta faɗa ruwa. Na yi dariya har hawaye. Da muka keɓe ne ya gaya mini abin da ban sani ba. Garin sauke ƙaramin jirgi da gaggawa, igiya ta cinye yatsu uku na wani matalo, mutumin Gine, ana ce da shi Sekuba. Ba zai ƙara jan igiya ba.

Na same shi gidan likita, hannu naɗe. Na durƙusa na roƙi gafara. Ya dube ni ya yi magana, tafinta ya juya mini: "Na ga wuta, na ce mutane na mutuwa. Ko gobe ka kira, zan zo." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Kapitan bai huce ba, kuma ban ga laifinsa ba. Babu takarda, Hanatu. Ki gaya wa Inna da bakinki kafin ta ji a kasuwa. Kada ku sa ido ga motar wannan wata. Sekuba ba shi da kowa a garin nan, kuma bai iya kai loma baki da hagu ba tukuna. Sai ya iya zan kamo hanya.

Mijinki, Jimrau